Duniya biyu ta Frank Capra: nazari a kan fina-finan «Pourquoi nous combattons»

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk malamin tarihin da ya taɓa tsayawa gaban aji yana bayanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, ya san ƙarfin wannan magana, domin awa guda ta bayani a kan allo ba ta kama hankalin ɗalibi kamar minti goma na hoton tankoki da jiragen sama. Shi ya sa malamai da ƙungiyoyin al'adu kan nemi tsofaffin fina-finan yaƙin su nuna a makaranta ko a gidan matasa. Cikin waɗanda suka fi sauƙin samu akwai jerin fina-finai bakwai da rundunar sojan Amurka ta shirya tsakanin 1942 da 1945 ƙarƙashin jagorancin Frank Capra, masu suna «Why We Fight», waɗanda masu jin faransanci suka sani da «Pourquoi nous combattons», watau dalilin da ya sa muke yaƙi. Da yake aikin gwamnatin Amurka ne, babu mai haƙƙin mallakarsu, kowa na iya ɗaukarsu kyauta a intanet.

Tambayar da ke gaban mai nuna su ita ce: me yake ajiyewa gaban yaro, darasin tarihi ko makamin yaƙi? Wannan nazari zai bi fina-finan ta fuska uku, watau yadda suka bayyana musabbabin yaƙin, yadda suka nuna fagen fama, da kuma mutanen da suka bari a waje, kafin a zo ga amfanin da malami zai iya yi da su.

Asalin aikin

An haifi Capra a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya a 1897, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1903. Kafin yaƙi ya riga ya shiga sahun manyan masu shirya fim na Hollywood, ya ci kyautar Oscar ta gwanin darakta har sau uku, da fina-finan raha waɗanda a cikinsu talaka mai gaskiya kan kunyata attajirai da ƴan siyasa. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941 sai ya shiga soja. A lokacin, Janar George Marshall, shugaban hafsoshin sojan ƙasa, yana fama da wata damuwa. An tara masa miliyoyin samari daga gonaki da masana'antu, da yawansu sun taso a kan ra'ayin cewa rigimar Turai ba ruwan Amurka da ita, kuma laccocin da ake yi musu a bariki ba su shiga kunnensu. Marshall ya ɗora wa Capra nauyin shirya fina-finan da za su gaya wa soje dalilin da ya sa aka raba shi da gida.

A cewar Capra, bai taɓa yin fim wanda ba wasan kwaikwayo ba. Da ya shiga neman hanya, ya kalli «Triumph des Willens», fim ɗin da Leni Riefenstahl ta ɗauka a babban taron jam'iyyar Nazi a Nuremberg cikin 1934, wanda ya fito a 1935. Fim ne da ke farawa da jirgin Hitila yana saukowa daga cikin gajimare kamar wani saƙo daga sama, sannan ya jera dubban mutane sahu-sahu har mutum ɗaya ya ɓace a cikin taro. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1971, Capra ya ba da labarin yadda wannan fim ya razana shi. Daga nan ya samo dabararsa: a ɗauki hotunan da maƙiyi ya ɗauka don yabon kansa, a sauya musu jeri, a ɗora musu wata murya, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Anatole Litvak ya taya shi shiryawa, ɗan wasa Walter Huston ya ba da murya, gidan Disney ya zana taswirori masu motsi, Dimitri Tiomkin kuma ya kula da kiɗa. An tilasta wa sababbin sojoji kallon fina-finan. Na farkon ya ci kyautar Oscar, kuma shugaba Roosevelt ya nemi a nuna shi ga farar hula ma.

Musabbabin yaƙi

Fim na farko, na 1942, shi ne mai magana a kan sharar fagen yaƙin, kuma yana da wata falala da ya kamata a ba shi. Bai fara lissafi daga ranar 1 ga Satumba 1939 ba, ranar da Jamus ta afka wa Polan, kamar yadda yawancin littattafan Turai ke yi. Ya koma da mai kallo zuwa 18 ga Satumba 1931, lokacin da sojojin Japan suka ƙirƙiri dalilin mamaye Mancuriya, sannan zuwa Oktoba 1935, lokacin da Musolini ya auka wa Habasha. Ya nuna Sarki Haile Selassie yana kai kuka gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a Janeba, ya nuna mayaƙa da masu da tsofaffin bindigogi gaban jiragen sama, kuma ya amsa cewa manomin Amurka da direban Landan ba su ga dalilin da zai sa bukkar wani da ke ci da wuta a nesa ta dame su ba. Ga ɗalibin Afirka wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana ganin cewa wutar ta taɓa nahiyarsa shekara huɗu kafin ta kama Turai.

Matsalar tana cikin ginshiƙin fim ɗin. Tun a mintocin farko an zana duniya biyu, ɗaya fara ɗaya baƙa: duniyar ƴantattu da duniyar bayi. An kafa ta farko a kan koyarwar Annabi Musa, Annabi Muhammadu da Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare su, da kuma malamin nan na ƙasar Sin, Konfusiyas, sannan aka gangaro zuwa ga magabatan Amurka. Ta biyu kuwa an danƙa ta ga ƴan ta'adda uku na Berlin, Rum da Tokyo, da al'ummomin da suka miƙa musu wuya. Da zarar mai kallo ya karɓi wannan zane, sauran bayani ya zama ƙari. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 da karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 an ratsa su a gurguje. Ɗalibi ba zai fita da fahimtar yadda jam'iyyar da ba ta kai kashi 3 cikin ɗari na ƙuri'u ba a 1928 ta samu kashi 37 a Yulin 1932, lokacin da marasa aiki a Jamus suka kai kimanin miliyan 6. Ba zai gane cewa manyan masu ra'ayin riƙau ne suka buɗe wa Hitila ƙofar mulki ranar 30 ga Janairu 1933, suna zaton za su iya juya shi. Fim na biyu ma ya ƙara nisa, domin ya jera Bismarck, Kaisar Wilhelm na biyu da Hitila a layi ɗaya, kamar son mamaya abu ne da Bajamushe ke gada a jini. Wannan irin tunanin ne kuwa ake cewa ana yaƙa.

Akwai kuma abin da fim ɗin ba shi da ikon faɗa. Italiya, Japan da Jamus suna neman abin da Ingila da Faransa suka riga suka mallaka, watau ƙasashen wasu, da ma'adinansu, da ƙarfin ƴaƴansu. Takunkumin da aka sa wa Italiya a 1935 bai haɗa da man fetur ba, ba a rufe mata mashigin Suwez ba, kuma a Disambar wannan shekara ministocin harkokin waje na Ingila da Faransa, Hoare da Laval, suka ƙulla shirin ba Musolini babban yanki na Habasha don ya yi shiru. Wanda ya cire gasar mulkin mallaka daga cikin musabbaban wannan yaƙi ya cire ɗaya daga cikin duwatsun murhu.

Wani lokaci kuma fina-finan sun dogara ga ƙarya tsagwaronta. Sun ɗauki takardar da ake kira shirin Tanaka, wadda aka ce firaministan Japan ya rubuta a 1927 don tsara cin duniya, suka mai da ita hujja, alhali masana tarihi sun daɗe da ɗaukarta a matsayin jabu. An kuma haɗa hoto biyu aka nuna sojojin Japan suna fareti a babban titin birnin Washinton, abin da bai taɓa faruwa ba. Mafi nauyi shi ne shirun da aka yi a kan Yahudawa. Dokokin wariya na Nuremberg na 1935 da ƙona wuraren ibadarsu a Nuwambar 1938 ba ɓoyayyu ba ne, kuma ranar 17 ga Disamba 1942 ƙasashen ƙawance da kansu suka yi shelar cewa Jamus na kashe Yahudawan Turai baki ɗaya. Duk da haka, kisan da ya ci mutum kimanin miliyan 6 bai samu wurin da ya dace da shi ba a cikin fina-finai bakwai.

Fagen fama

A wajen nuna yaƙi ne gwanintar Capra da abokan aikinsa ta fi fitowa. Taswirorin Disney suna bayyana dabarar soja yadda ko wanda bai taɓa riƙe bindiga ba zai gane. A fim na uku, mai ba da labarin faɗuwar Danmak, Norwe, Holan, Beljiyam da Faransa a 1940, kibiyoyi suna nuna yadda rundunonin ƙawance suka ruga arewa, tankokin Jamus suka ɓullo ta dajin Ardennes da aka ɗauka ba ya ratsuwa, suka ƙetare kogin Meuse a Sedan, suka datse hanya har bakin teku, aka kwashe sojoji kimanin 338,000 daga Dunkerque. Malamin da ya sha wahalar zana wannan a kan allo zai yaba. Sai dai taswirorin ba bayani kaɗai suke yi ba. Baƙin launi yana malala a kan ƙasashe kamar tawadar da ta zube, kiɗa yana kumbura, murya tana magana a hankali kamar ta babban wa mai ba ƙanensa shawara. Kafin hankali ya auna hujja, zuciya ta riga ta yanke hukunci.

Alƙaluma ma ba duka ne abin dogaro ba. A kan ruwan bama-baman da aka yi wa Rotterdam ranar 14 ga Mayu 1940, fim ɗin ya maimaita adadin da ya bazu a lokacin, watau mutum 30,000, alhali waɗanda suka mutu ba su kai 1,000 ba. A fim na huɗu, na yaƙin sararin samaniyar Ingila, an ɗauki iƙirarin cewa ranar 15 ga Satumba 1940 an harbo jiragen Jamus 185, bayan yaƙi kuwa takardun Jamus suka nuna kimanin 60. Kashe farar hula a Rotterdam laifi ne ko da mutum ɗaya ne, kuma Ingila ta ci wannan yaƙi da gaske. Amma ɗalibin da ya kwafe waɗannan lambobi a takardar jarrabawa ya kwafi kuskure.

Fim na biyar, na Rasha, shi ne mafi tsawo kuma mafi taɓa zuciya. Hotunan ƙawanyar da aka yi wa Leningrad da na yaƙin gida-gida a Stalingrad, wanda ya ƙare ranar 2 ga Fabrairu 1943, suna tuna wa mai kallo abin da fina-finan Hollywood na baya suka sa aka manta, watau a gabas ne aka karya ƙashin bayan sojan Hitila, kuma Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kimanin miliyan 27. Sai dai shi ne kuma mafi ɓoye gaskiya. Ya sako guntayen wasan kwaikwayon Eisenstein na 1938 a kan jarumi Alexandre Nevski don cike tarihin da babu hotonsa. Bai kawo yarjejeniyar da Stalin ya ƙulla da Hitila ranar 23 ga Agusta 1939 ba, ko shigar sojan Sobiyet gabashin Polan ranar 17 ga Satumba, ko harin da aka kai wa Finlan, balle kisan hafsoshi da manyan ma'aikatan Polan kimanin 22,000 a Katyn da wasu wurare a 1940. Kwaminisanci kansa an kauce masa. Haka fim na shida, na ƙasar Sin, ya nuna ta'asar Nankin ta Disambar 1937, wadda gaskiya ce, amma ya gabatar da ƙasa mai kai ɗaya a bayan Chiang Kai-shek, ya rufe ido ga gabar da ke tsakaninsa da ƴan kwaminis na Mao, gabar da ta ƙare da faɗuwarsa a 1949. Ƙa'idar a bayyane take: aibin maƙiyi a faɗe shi har da ƙari, na aboki a lulluɓe.

Waɗanda ba a gani ba

A nan ne zanen duniya biyu ya fi yagewa. A cikin wace duniya za a sa manomin Gobir ko na Adar a 1942? A labarin Capra, daulolin Ingila da Faransa na ɓangaren haske. Amma a Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar ke cikinta, dokar indijena ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, aikin tilas kuma bai kau ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Bayan faɗuwar Faransa, gwamna janar Pierre Boisson ya riƙe yankin ƙarƙashin gwamnatin Vichy har Nuwambar 1942, a lokacin da Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar Dagol tun 26 ga Agusta 1940. Ke nan iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba, a tsakiyar mutane masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya.

Fim na uku ya ba da labarin faɗuwar Faransa ba tare da ya tsaya a kan dubban sojojin Afirka da suka yi yaƙin ba. Babu kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, wanda Jamusawa suka harbe a Airaines ranar 7 ga Yuni 1940 bayan ya miƙa wuya. Babu sojojin da aka ware saboda launin fatarsu aka kashe a Chasselay, kusa da Lyon, cikin wannan wata. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta baƙaƙen fursunonin da aka yi wa irin wannan kisa tsakanin 1,500 da 3,000. Ga fim ɗin da ke neman hujjar muguntar Nazi, da wuya a samu hujjar da ta fi wannan, amma faɗinta zai jawo tambayar da ba a so. Rundunar Amurka kanta ta raba farar fata da baƙar fata, ba a ba da umarnin kawar da wannan wariya ba sai a 1948. Fim ɗin da sashen Capra ya fitar a 1944 don yabon baƙin sojan Amurka ya kauce wa maganar wariyar. Fim na bakwai kuma ya yabi Amurka a matsayin ƙasar baƙi daga kowace kusurwa, bai tsaya a kan bauta ba, ko a kan mutum kimanin 120,000 ƴan asalin Japan da aka tsare a sansanoni tun 1942.

Sauran labarin ɗalibi zai same shi a wani wuri: rundunar Leclerc da ta tashi daga Cadi ta ci Kufra ranar 1 ga Maris 1941, yawancinta ƴan Afirka; sojojin Najeriya da suka taimaka aka kori Italiya daga Habasha a wannan shekara; runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma a dazuzzukan Bama, inda Hausa ta yi aiki a matsayin harshen bariki; saukar Provence ta 15 ga Agusta 1944, da yadda bayan ƴan watanni aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga aka maye gurbinsu da fararen fata. Alƙawarin Yarjejeniyar Atlantika ta Agustan 1941, cewa kowace al'umma na da ikon zaɓen gwamnatinta, Cocil ya yi saurin bayyana wa majalisa cewa bai shafi daular Ingila ba. Taron Brazzaville na farkon 1944 shi ma ya kore duk wani tunanin mulkin kai.

Shin sun yi tasiri?

Rundunar Amurka ba ta tsaya ga zato ba. Ta sa masana halayyar ɗan Adam, ƙarƙashin Carl Hovland, su gwada sojojin da suka kalli fina-finan da waɗanda ba su kalla ba, aka buga sakamakon a 1949. An gano cewa fina-finan sun ƙara wa soje sanin abubuwan da suka faru, sun sauya ra'ayinsa a kan wasu batutuwa ƙayyadaddu, amma kusan ba su ƙara masa ɗokin zuwa fagen fama ba. Watau a aikin da aka yi su dominsa ba su kai ga gaci ba, a aikin koyarwa kuwa sun yi ƙarfi. An kuma lura da wani abu a gwajin fim ɗin Ingila: wasu ra'ayoyin sun fi kama zuciya bayan mako tara fiye da bayan kwana biyar. Bayanin da masanan suka bayar daga baya shi ne mutum kan manta wanda ya gaya masa magana, ya riƙe maganar. Wannan gargaɗi ne kai tsaye ga malami. Yaron da aka nuna wa fim a watan Janairu, zuwa lokacin jarrabawa ya manta cewa sojan Amurka ne suka shirya shi, abin da ya rage masa shi ne duniya fara da duniya baƙa.

Amfani da su a aji

Kuskure ne a ce tun da farfaganda ce a jefar. Kuskure ne kuma a daidaita Capra da Riefenstahl a ce duk kanwar ja ce. Babbar tuhumar da Capra ya yi gaskiya ce: gwamnatocin Berlin, Rum da Tokyo su ne suka kai hari, kuma abin da aka tarar a sansanonin kisa a 1945 ya wuce duk abin da fina-finansa suka faɗa. Fim ɗin Riefenstahl yana neman mai kallo ya ajiye hankalinsa ya yi mubaya'a. Na Capra yana kawo ranaku da taswira da hujja, yana ɗaukar soje a matsayin wanda ya cancanci a yi masa bayani, kuma duk wanda ya kawo hujja ya ba da damar a bincike shi. Wannan damar ce dukiyar malami.

Saboda haka wurin waɗannan fina-finai shi ne teburin bincike, a ɗauke su kamar takardar shaida daga 1942, ba kamar littafin aji ba. Minti goma sha biyar sun isa zama ɗaya. Kafin a kunna, a rubuta tambayoyi uku a allo: wa ya ɗauki wannan hoto, wa ya ɗora masa murya, wa ya kamata a gani a ciki ba a gan shi ba? Ana iya nuna guntun faretin Nuremberg ba sauti, a tambayi ɗalibai abin da suka ji a ransu, sannan a sake nuna shi da muryar Huston, su ga da idonsu yadda hoto ɗaya ke ɗaukar ma'ana biyu. Ana iya ba su adadin Rotterdam na fim da na masana tarihi su nemi dalilin tazarar.

Ƙungiyar da ke da dare biyu ta haɗa fim na uku da «Camp de Thiaroye» na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, wanda ya fito a 1988 ya ci kyautar alƙalai ta musamman a bikin Venise. Yana ba da labarin tsofaffin fursunonin yaƙi ƴan Afirka da sojan Faransa suka buɗe wa wuta kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu na kuɗi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana da dama suna ganin sun kai ɗaruruwa, kuma sai a Nuwambar 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunan kisan kiyashi. Amma a yi wa Sembène tambayoyin da aka yi wa Capra, domin shi ma ya nuna harin da dare da tankoki, alhali da safe aka yi harbin. Ɗalibin da ya iya binciken fim ɗin da ya faranta masa rai kamar yadda yake binciken wanda ya ɓata masa, shi ne ya koyi darasin, kuma zai yi masa amfani a kan hotunan yaƙe-yaƙen yau da ke shigo masa ta wayar hannu ba sunan mai ɗauka, ba ranar ɗauka.